Fashin Baƙi: Me Ke Sa Maɓallin Laftof Ya Maƙale Ana Tsakiyar Gem?

Me ke sa maɓallin laftof ya maƙale ana tsakiyar buga gem, alhali da an koma rubutu sai a ga lafiyarsa ƙalau? Tambayar ta yawaita a bakin matasa tun da laftof ɗin gwanjo ta zama ita ce injin gem na mai ƙaramin ƙarfi. Wani zai ce maka ya ɗauke hannunsa amma ɗan wasansa bai tsaya ba, sai da ya fice da ƙwallo waje. Wani ya ce motarsa ta ƙi shan kwana daidai lokacin da ya taka mata wuta. Wani kuma ya ce kwamfutar ce ta yi ɗan ƙara, ta watso shi waje daga gem ɗin. Su ukun nan magana ɗaya suke kai wa mai gyara, wato "kibod ɗina yana maƙalewa", kuma amsa ɗaya suka fi samu, wato a canja kibod.

A nan ake tafka asara. Abin da muke kira maƙalewa cututtuka ne daban-daban da suka yi tarayya a suna. Wani saiti ne kawai, minti ɗaya ya ishe ka ka kashe shi ba ka biya ko sisi ba. Wani haka aka ƙera na'urar, ko sabon kibod goma ka sa ba abin da zai sauya. Wani datti ne. Akwai kuma guda ɗaya da ba na so kowa ya yi wasa da shi, domin yana iya kaiwa ga gobara. Burina mai karatu ya iya bambance su tun kafin ya sa farce ya ɓalle maɓalli, ko ya zaro kuɗi daga aljihu.

Abin da ke ƙarƙashin yatsanka

Idan ka ɗaga murfin maɓalli ɗaya, da farko za ka ga wasu 'yan siraran robobi biyu masu tauri, an sarƙa su kamar almakashi. Su ke riƙe murfin ya sauka daidai, kada ya karkace. A tsakiyarsu akwai ɗan ƙoƙon roba mai laushi a kife, bai fi ƙwayar dawa da yawa ba. Shi ke lotsawa idan ka danna, shi ke turo maɓallin sama idan ka saki. Ƙarƙashinsa kuma siraran ledoji ne da aka zana wa hanyoyin lantarki, waɗanda ke haɗuwa idan ƙoƙon ya danne su. Duk tafiyar maɓalli daga sama zuwa ƙasa ba ta wuce milimita 1 zuwa 2 ba a yawancin laftof na yanzu. Ƙwayar yashi guda ta isa ta tsaya masa a hanya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kowace dannawa saƙo biyu ce. Idan ka danna, kibod yana aika "an danna". Idan ka ɗaga yatsa, yana sake aika "an saki". A rubutu, saƙo na biyu kusan ba ruwanka da shi, domin taɓawa kake yi kana wucewa. A gem kuwa, tsakanin saƙonnin nan biyu duk wasan yake. Gem ba ya ganin yatsanka. Da ya ji "an danna W" zai sa ɗan wasanka gudu, kuma ba zai tsayar da shi ba sai ya ji "an saki W". Saboda haka maƙalewa iri biyu ce tun daga tushe: ko dai maɓallin bai taso ba, ko kuwa ya taso amma labarin tasowarsa bai isa ba.

Ga kuma batun wahala. Mai rubutu yana raba nauyi ga haruffa duka. Mai gem kuwa maɓallai biyar ko shida yake niƙa: W, A, S, D, sai Shift da Space. Tun bayan fitowar gem ɗin Half-Life a 1998 da wannan tsari, yawancin gem ɗin kwamfuta suka bi sahu. Shi ya sa a laftof ɗin ɗan gem za ka ga W ya yi sulɓi, fentinsa ya goge, maƙwabtansa kuwa kamar sababbi.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

Kafin komai, fita daga gem ɗin ka buɗe Notepad, wato 'yar manhajar rubutu ta Windows. Danna maɓallin da kake zargi ka riƙe, ka saki, ka maimaita kamar sau ashirin. Idan harafin ya ci gaba da zuba bayan ka ɗauke hannu, ko ya ƙi fitowa sai ka matsa da ƙarfi, to matsalar ta bi ka har waje, ba laifin gem ba ne. Sunkuya ka kalli kibod ɗin ta gefe, daidai saitin ido. Maɓallin da ya maƙale da gaske za ka gan shi ya ɗan nutse ko ya karkace, kuma idan ka gwada shi da na kusa da shi za ka ji yana tasowa a hankali, wani lokacin da ɗan ƙarar ɗanko.

Idan kuwa a Notepad komai daidai ne, koma cikin gem ka jira abin ya sake faruwa. Da ɗan wasan ya kama gudu shi kaɗai, taɓa maɓallin sau ɗaya ka saki. In ya tsaya nan take, kusan ka gama gano ciwon: saƙon sakin ne ya ɓata a hanya, ka sake aika shi.

Gwaji na uku shi ne aron kibod na waje mai USB. In matsalar ta ɓace da shi, kibod ɗin laftof ne. In ta ci gaba, duba manhaja, sai dai idan maɓallin ciki ne ke aika saƙo da kansa. Masu HP suna da gwajin kamfani idan suka danna Esc sannan F2 lokacin kunnawa, masu Dell kuma F12. Amfanin irin wannan gwaji shi ne yana aiki tun kafin Windows ta tashi, don haka ba saitin da zai rikita maka sakamako.

Shift sau biyar: maƙalewar da aka yi da gangan

A cikin Windows akwai tsari mai suna Sticky Keys, wanda ma'anar sunan ma ita ce maɓallai masu maƙalewa. Taimako ne aka yi shi domin wanda ba ya iya danna maɓalli biyu a lokaci guda: mai hannu ɗaya, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ko mai rubutu da sanda a baki. Tushen aikin ya fito daga cibiyar Trace ta Jami'ar Wisconsin a Amurka cikin shekarun 1980, kuma tun daga Windows 95 yake zuwa a cikin manhajar. Idan yana kunne, ka taɓa Shift ka saki, kwamfuta za ta riƙe maka shi har ka danna na gaba. Ka taɓa sau biyu a jere, sai ta kulle shi. Haka ma Ctrl da Alt.

Hanyar kiran wannan tsari ita ce danna Shift sau biyar a jere. To a gem da yawa Shift shi ne gudu ko durƙuso, kuma dannawa biyar a cikin daƙiƙa biyu ba komai ba ce ga wanda ake bi da harbi. Sai ka ji ƙara, akwatin tambaya ya faɗo a kan allo. Mai wasa a gaggauce yake, sai ya amsa da "e" don kawai ya koma fili. Daga nan Shift ya fara maƙalewa, ba tare da ko ƙwayar ƙura ta shiga ba.

Ɗan'uwansa Filter Keys ya fi shi rikita mutane. Shi yana tashi ne idan aka riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8, aikinsa kuma shi ne ya yi biris da taɓawa mai sauri ko maimaitacciya, domin masu karkarwar hannu. Idan ya kunnu bisa kuskure, sai kibod ya zama kamar ya mutu. Na ga wanda ya riga ya yi cinikin sabon kibod a kan wannan kafin a gano.

Maganin yana cikin Settings. A Windows 11 ka shiga Accessibility sannan Keyboard, a Windows 10 kuma Ease of Access sannan Keyboard. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe tsarin kawai a fita. Gobe zai dawo. Abin da za ka kashe shi ne gajeriyar hanyar da ke kiransa, ga Sticky Keys da Filter Keys duka. Amma idan akwai mai buƙatarsa a gidan, kada a cire masa abin da yake dogaro da shi don gem, a mayar da gudu kan wani maɓalli a saitin gem ɗin.

Akwai wasu saituna biyu da ke kama da haka. Alt da Shift tare suna sauya harshen kibod idan an sa fiye da ɗaya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da na Kamaru da Chadi, sun fi shan wannan, domin laftof da yawa a can tsarin Faransa ne, wato AZERTY, inda Z da Q suke a mazaunin W da A. Harshe na sauyawa a tsakiyar wasa, a wasu gem ɗin sai gaba da hagu su daina amsawa. Na biyu kuma faifan shafawa ne da ke gaban kibod: Windows kan jinkirta shi idan ana danna haruffa, don kada tafin hannu ya taɓa shi ana rubutu. Mai riƙe da W sai ya ga ya kasa juyawa ko harbi. A ƙara masa saurin ji a saitinsa, ko a sa maus na waje.

Idan saƙon sakin ya ɓata a hanya

Windows tana miƙa saƙon kibod ne ga tagar da ke gaba. A ce kana riƙe da W, sai sanarwar wata manhaja ta faɗo, ko ɗan yatsanka ya taɓa maɓallin Windows da ke kusa da Ctrl. Ka saki W a wannan lokacin, sai "an saki" ya tafi wurin waccan tagar. Gem bai ji ba, ɗan wasanka yana nan yana ta gudu. Gem da yawa sun iya kauce wa wannan, wasu kuwa ba su iya ba, musamman tsofaffi. Haka nan masu buga gem ɗin waya a kan kwamfuta ta manhajojin da ke kwaikwayon Android, irin su BlueStacks da GameLoop, sun ƙara tsani ɗaya a hanya: sai an juya dannawar ta koma kamar taɓa allon waya, kuma idan na'ura ta yi nauyi nan ma saƙo kan makara.

Nauyin kuwa sau da yawa zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana rage wa kanta gudu idan ta doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, don kada ta ƙone. Gem ya fi kowane aiki ɗumama ta. Haɗa wannan da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da kan haura digiri 40, da fankar da ƙura ta toshe, da laftof da aka ɗora a kan katifa ko darduma ta rufe mata hanyar iska. Sai hoto ya tsaya cak na ɗan lokaci, ka saki maɓalli, gem ɗin ya ji a makare. Alamar wannan ita ce lokaci: minti goma ko ashirin na farko lafiya lau, sai jikin na'urar ya yi zafi abin ya fara. Idan aka ɗauke wuta kuma laftof ta koma kan batir, yawancinsu suna ƙara rage ƙarfi.

A gem ɗin intanet, natuwok ma kan yi wannan aika-aikar. Ka tsaya a allonka, amma can inda ake haɗa 'yan wasa ba a ji ba tukuna. Buga ba tare da intanet ba ka gani. In kuma akwai hannun gem a jone, cire shi. Sandarsa idan ta tsufa ba ta komawa tsakiya daidai, sai ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai, a ɗora wa kibod laifin da ba nasa ba.

Kibod yana da iyakar abin da zai ji

Wannan shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma shi ne amsar mai motar da ta ƙi shan kwana.

Kibod yana da maɓallai 80 zuwa sama da 100. Da a ce kowanne da wayarsa, da abin ya yi yawa. Sai masu ƙira suka saƙa su kamar tabarma: layuka a kwance, layuka a tsaye, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗar biyu. A ce layi 8 a kwance da 16 a tsaye, waya 24 kacal ta ba da mahaɗa 128. Dabara ce mai kyau ga rubutu. Matsalarta tana fitowa ne idan aka danna uku da suka zauna a kusurwa uku na wata murabba'a a cikin saƙar. Lantarki zai zagaya, ya zama kamar an danna na kusurwa ta huɗu alhali ba wanda ya taɓa shi. Turawa na kiran wannan ghosting, wato fatalwar maɓalli. Don kauce wa fatalwar, sai aka koya wa kibod cewa idan ya ga irin wannan haɗuwa ya toshe kunne, ya ƙi karɓar na ukun.

Ke nan kana riƙe da kibiyar gaba da ta hagu, ka danna Space, shiru. Wasu kwamfutocin har ɗan ƙara suke yi. Maɓallan kibiya da Space suna cikin haɗuwar da aka fi kuka da ita. Babu abin da ya lalace. Laftof ɗin ofis da muke saye a gwanjo, irin su EliteBook da Latitude, don rubutu da lissafi aka yi su. Waɗanda aka ƙera domin gem su ne ake tsara saƙarsu ta yadda yankin W, A, S, D ba zai toshe ba. Kibod mai tsada kuma kowane maɓalli ake sa wa ɗan abin da ke hana lantarki komowa baya, sai ya ji duk abin da aka danna.

Gwajinsa mai sauƙi ne. A Notepad riƙe biyu daga cikin haruffan da kake haɗawa, ka taɓa na uku. In bai fito ba, amma shi kaɗai yana fitowa, ka gano. Kada ka bari a sayar maka da sabon kibod a kan wannan, domin sabon ma saƙarsa iri ɗaya ce da tsohon. Shiga saitin gem ka sauya maɓallan zuwa haɗuwar da ke aiki, ko ka nemi hannun gem. Ga masu ƙwallo da tseren mota dama hannun ya fi daɗi.

Ƙura, shayi da ɓarɓashi

Yanzu mu zo ga maƙalewa ta gaskiya. A hunturun da ya wuce ɗan yayata ya kawo mini laftof ɗinsa, fuska a murtuke. "Kawu, W ɗin nan ya mutu, sai na sa farce nake ɗago shi." Na kashe ta, na ɗaga murfin a hankali. Abin da na tarar ba ƙura kaɗai ba ce. Wani baƙin ɗanko ne ya manne almakashin, ga ɓarɓashin ƙuli-ƙuli guda ya maƙale a gindin ƙoƙon, ga siraran gashi biyu sun naɗe. Na ce, "Kai, yaushe shayi ya zube a nan?" Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Kawu ɗan kaɗan ne, tun da azumi, kuma na goge." Saman ya goge. Sukarin da ya gangara ƙasa ya bushe ya zauna, yana jiran ƙura.

Ƙurar hunturu, wadda da yawanta ke tasowa daga yankin Bodele a arewacin Chadi, laushi gare ta kamar gari, ba ramin da ba ta shiga. Ita kaɗai a bushe takan fita da iska. Idan ta haɗu da sukarin shayi, zoɓo, kunun aya ko lemo, ko da gumi da maiƙon hannu, sai ta zama laka. Zafin gem kuma yana narkar da ɗankon, shi ya sa wasu ke cewa sai an jima ana wasa abin ke tsananta.

Kada a ɗauka wannan ciwon kayan arha ne kawai. A 2015 kamfanin Apple ya fito da wani siririn kibod mai ƙirar malam-buɗe-littafi a MacBook. Ƙorafin maƙalewa da maimaita harafi saboda 'yar ƙura ya yi yawa har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya fara komawa ƙirar almakashi a ƙarshen 2019, sannan a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. MacBook na waɗannan shekaru suna nan a kasuwar na-hannu, mai saye ya gwada kowane harafi.

Wajen tsabtacewa, a fara da mai sauƙi. Kashe na'urar, cire caja, karkata ta, ka bi tsakanin maɓallan da burushi mai laushi da iskar bulowa daga ɗan nesa. In ɗanko ne, jiƙa audugar goge kunne da sifirit, ka matse ta sosai, ka bi gefen maɓallin kana dannawa. Wanda ya fi dacewa shi ne isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, domin yana bushewa da wuri. Kada ka tsiyaya komai kai tsaye. Fetur, kananzir da man shafawa kuwa haramun ne a nan: wasu suna cin roba, wasu suna ƙara kama ƙura.

Ɗaga murfi shi ne mataki na ƙarshe, kuma ga ƙananan haruffa kawai. Haƙoran da ke riƙe almakashin ba su kai kan allura ƙarfi ba, in ɗaya ya karye murfin ba zai sake zama ba. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Kada ka ja ƙoƙon robar, manne shi aka yi. Space, Shift da Enter suna da sandar ƙarfe a ƙarƙashi, a bar wa mai gyara su.

Idan abu ya zube yanzu-yanzu, kada ka tsaya ajiye wasa. Riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu, cire caja, kifa ta a buɗe kamar tanti. Shinkafa ba ta tsotse sukari, rana kuma tana cutar da batir da allo. A kai wa mai gyara ya cire batirin ya wanke ciki, domin abin da ke kashe laftof bayan mako biyu tsatsa ce da ta ci bod, wato babban faifan lantarkin da ke cikinta, ba jiƙewar ranar farko ba.

Wanda ba a wasa da shi: batir

Na taɓa zama a shagon wani mai gyara, wani saurayi ya shigo yana cewa Space ɗinsa ya yi tauri, faifan shafawa ma ya daina dannuwa, a sa masa sabon kibod. Mai shagon ya ajiye laftof ɗin a kan tebur, ya danna kusurwa ɗaya, sai ta yi rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Bai ce komai ba, ya kwance bayanta. Murfin da kansa ya tashi. Batirin da ya kamata ya kwanta shafal ya kumbura kamar matashin kai. Ya dubi saurayin ya ce, "Malam, ba kibod ne matsalarka ba. Ka gode wa Allah da ka kawo ta yau."

A siraran laftof na yanzu batirin lithium yana kwance ne a ƙarƙashin inda kake ɗora tafin hannu. Idan ya tsufa, ko ya sha zafi, ko ya daɗe a cike maƙil a kan caji, sinadarin cikinsa yana lalacewa ya fitar da iskar gas. Ba ta da mafita, sai batirin ya kumbura ya turo faifan shafawa da layin maɓallan ƙasa. Rayuwar ɗan gem kuwa duk ta haɗa waɗannan: zafi, da caja a jone sa'o'i. Idan ka ga gefen laftof ya buɗe baki, ko murfinta ya ƙi rufuwa daidai, daina caji nan take. Kada ka danne shi, kada ka huda shi don "iskar ta fita", domin hudawar ce ke tayar da wuta. A cire shi a sa wani. Kamfanoni irin su Lenovo, ASUS da Dell suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa da haka, mai yawan wasa a kan wuta ya kunna shi.

A canja, ko a sa na waje?

A nan ra'ayi ya rabu. Mai gyara yakan fi son canji, kuma ba kullum son kuɗi ba ne. In ya wanke maɓalli yau ya sake maƙalewa jibi, shi za a zaga. Mai laftof kuma yana ganin harafi ɗaya ne, don me zai sayi duka. Gaskiyar ta danganta da ƙirar. A tsofaffin ThinkPad da EliteBook da Latitude, kibod yana fita da 'yan sukurori kaɗan, canjinsa aikin minti kaɗan ne. A sirara da yawa na yanzu kuwa an narke shi ne a jikin murfin sama, sai an fitar da kayan cikin kaf, wani lokacin a canja murfin gaba ɗaya. Kafin a kai ga haka, a sa mai gyara ya cire wayar kibod ɗin, wadda suke kira fleks, ya goge bakinta ya mayar. Idan layin maɓallai ne suka mutu tare, sau da yawa nan ne ko kuma saƙar ta tsinke.

Ana kuma gardama a kan ledar roba da ake shimfiɗawa a kan kibod. Tana tare ƙura da shayi, babu shakka. Sai dai wasu laftof ta tsakanin maɓallai suke shaƙar iska ko fitar da zafi. Ni dai shawarata a sa ta idan an rufe ko ana rubutu, a cire idan za a buga gem.

Iyayen da ke cewa gem na kashe laftof suna da rabin gaskiya, kuma ya kamata matasa su saurare su. A gidaje da yawa laftof ɗaya ce: ita ce ta furojet ɗin yaya, ita ce ta gwajin JAMB na ƙane, wani gidan ma ita ce jarin buga takardu. Idan harafin A ko S ya mutu a wurin wasa, rubutun Hausa da na Turanci duka sun tsaya, in kuma harafin yana cikin kalmar sirri, ko shiga ba za a iya ba sai da kibod ɗin kan allo. Shi ya sa na fi karkata ga kibod na waje mai arha ga duk mai gem. Shi zai sha dukan, in ya mutu a sayi wani, kuma yana ba ka damar ɗaga laftof ɗin ta sha iska. Amma idan maɓallin ciki yana aika saƙo da kansa ba tsayawa, na waje ba zai hana shi ba. Sai an kashe wannan maɓallin da manhaja irin PowerToys ta Microsoft, ko an zare fleks ɗin, kuma a lura, a wasu laftof maɓallin kunnawa yana cikin kibod ɗin ne.

In canjin ya zama dole, a duba lambar da ke bayan tsohon kibod a nemi irinta. A kula da siffar Enter: na tsarin Amurka a kwance yake, na Ingila da Faransa dogo ne mai hawa biyu, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Kafin ka bar shagon, buɗe Notepad a gaban mai gyara, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya tun daga layin sama har Space, sannan ka riƙe W da Shift ka danna sauran waɗanda kake haɗawa a wasa.